Janar San Martin: Sojan Da Ya 'Yanta Ƙasashe Uku, Ya Sauka Don Kansa

A cikin shugabannin da suka kori mulkin mallaka daga Amurka ta Kudu, mutum biyu ne sunansu ya fi fita. Na ɗaya shi ne Simon Bolivar, mutumin Venezuela, wanda ya taso da yaƙi daga arewa. Na biyu kuwa shi ne Jose de San Martin, mutumin Ajantina, wanda ya taso daga kudu. Sunan Bolivar ya fi zagaya duniya, har akwai ƙasa guda da ta ci sunansa, watau Bolibiya. Amma San Martin ya yi wani abu wanda ba kasafai sojan da ya ci nasara yake yi ba. Ya ja rundunar da ta tabbatar da 'yancin Ajantina, ta ƙwato Chile, ta shiga babban birnin Peru, sa'an nan da mulki ya tattaru a hannunsa sai ya ajiye shi da kansa, ya shiga jirgin ruwa ya tafi, ba tare da kowa ya tumɓuke shi ba.

Ɗan Ma'aikacin Mulkin Mallaka

An haifi San Martin ran 25 ga watan Fabrairu 1778, a wani ɗan gari da ake kira Yapeyu, a bakin kogin Uruguay, cikin ƙasar da ake kira Ajantina yanzu. A lokacin nan Turawan Sifaniya sun yi kusan shekara 300 suna mulkin yawancin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Sun raba ƙasar kashi huɗu manya, kowane kashi da Wakilin Sarki, watau kamar Gwamna-Janar. Ɗaya yana zaune a birnin Meksiko, ɗaya a Bogota, ɗaya a Lima, ɗaya kuma a Buenos Aires. Azurfar da ake haƙa a dutsen Potosi tana tafiya Sifaniya, manyan muƙamai kuwa galibi sai wanda aka haifa a Sifaniya ake ba. Ko da uban mutum da uwarsa Turawa ne, muddin a Amurka aka haife shi, to ana ganin bai kai ba.

Uban San Martin, Juan de San Martin, hafsan soja ne haifaffen Sifaniya, shi ne kuma yake riƙe da gundumar Yapeyu a madadin Sarki. Watau dai yaron nan a gidan ma'aikacin mulkin mallaka ya buɗe ido. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Yana da shekara shida iyayensa suka koma Sifaniya da shi, suka zauna a birnin Malaga.

A 1789, yana ɗan shekara 11, aka sa shi aikin soja. Yana da shekara 13 ya fara jin ƙarar igwa, a garin Oran na Aljeriya, wanda yake hannun Sifaniya a wancan zamani. Daga nan ya yaƙi Faransawa, ya yaƙi Ingilishi a teku, ya yaƙi mutanen Fotugal. A 1808 Napoleon na Faransa ya mamaye Sifaniya, ya tsare Sarki Ferdinand na Bakwai, ya ɗora wansa Joseph a kan gadon sarauta. San Martin yana cikin waɗanda suka yi wa Faransawa kaca-kaca a yaƙin Bailen cikin watan Yuli na wannan shekara, aka ƙara masa girma zuwa Laftanar-Kanar. Shekara 22 cur ya yi yana yi wa Sarkin Sifaniya aikin soja.

Komawa Gida

Tsare Sarkin da Napoleon ya yi shi ne ya buɗe wa ƙasashen Amurka ƙofa. Mutane suka ce tun da babu Sarki a kan gado, to wane ne Wakilin Sarki yake wakilta? Ran 25 ga Mayu 1810 mutanen Buenos Aires suka sauke Wakilin Sarki, Baltasar Hidalgo de Cisneros, suka kafa majalisar mulki tasu. Da labari ya kai wa San Martin, sai ya ajiye aiki a 1811, ya bi ta Landan, ya sauka Buenos Aires cikin Maris 1812.

Ya dawo ƙasar haihuwarsa tamkar baƙo. Harshensa irin na mutanen Sifaniya ne, ba shi da dangi masu ƙarfi a birnin, wasu ma suna zargin ko ɗan leƙen asiri ne. Duk da haka gwamnati ta ba shi aikin kafa rundunar mahaya dawaki. Ya zaɓi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya hore su da kansa bisa tsarin sojan Turai. A wannan shekara ya auri Remedios de Escalada, 'yar wani babban gida na birnin. A cikinta ne kuma, cikin Oktoba, ya fito da dakarunsa dandali tare da wasu hafsoshi, aka tilasta wa gwamnatin lokacin ta sauka don ana ganin tana jan ƙafa wajen neman 'yanci. Saboda haka ba za a ce hannunsa bai taɓa shiga juyin mulki ba.

Ran 3 ga Fabrairu 1813 ya gwada rundunarsa a San Lorenzo, a bakin kogin Parana, inda sojan Sarki suka sauko daga jirage don su washe gari. Faɗan bai wuce minti 15 ba, amma saura ƙiris ya rasa ransa. An harbe dokinsa, ya faɗi ya danne masa ƙafa. Wani soja mai suna Juan Bautista Cabral, ɗan baiwa, shi ya janye shi daga ƙarƙashin dokin, aka kashe Cabral a wurin.

Dabarar Ƙetare Duwatsu

Cibiyar ƙarfin Sifaniya a Amurka ta Kudu ita ce Lima, babban birnin Peru. Muddin Wakilin Sarki yana zaune a can da dukiyarsa da sojansa, to 'yancin kowace ƙasa a yankin aro ne. Sau biyu rundunar Buenos Aires ta nufi Peru ta hanyar tudu, ta cikin ƙasar da ake kira Bolibiya yanzu, sau biyu ana koro ta. A farkon 1814 aka ba San Martin ragowar wannan runduna. Da ya duba sai ya ga hanyar nan ba za ta ɓulle ba. Dabarar da ya ƙulla ita ce a ƙetare duwatsun Andes zuwa yamma, a ƙwace Chile, a haɗa jiragen ruwa a can, sa'an nan a auka wa Lima ta teku.

Don haka ya roƙi a ba shi gwamnan lardin Cuyo, wanda babban garinsa Mendoza yake a gindin duwatsun. Bai daɗe da kama aiki ba sojan Sarki suka murƙushe masu neman 'yancin Chile a Rancagua cikin Oktoba 1814, 'yan gudun hijira suka kwararo Mendoza. A cikinsu akwai Bernardo O'Higgins, wanda ya zama babban amininsa. Shi ma O'Higgins ɗan ma'aikacin mulkin mallaka ne, gama ubansa ya taɓa zama Wakilin Sarki a Lima.

Shekara biyu da ɗoriya San Martin ya yi yana shiri. Lardin matalauci ne, amma ya tatse shi iyakar tatsa. Ya sa haraji, ya karɓi dawaki da alfadarai, ya fara da yanke rabin albashinsa. Wani limamin Kirista mai suna Luis Beltran ya kafa maƙera, aka narkar da ƙararrawar majami'u aka ƙera igwa da harsashi. Mata suka duƙufa ɗinkin kayan soja. Ya kuma matsa wa wakilan larduna da suka taru a Tucuman lamba, har suka yi shelar cikakken 'yancin kai ran 9 ga Yuli 1816, don ba ya son ya shiga ƙasar wasu da sunan ɗan tawaye.

Akwai wani abu da bai kamata a manta da shi ba. Babban kashi na sojan ƙasa na wannan runduna baƙaƙen fata ne, 'yan Afirka da jikokinsu, waɗanda aka karɓo daga iyayen gijinsu bisa alkawarin za su sami 'yanci in sun yi aikin soja. Bataliya ta 7 da ta 8 su ne suka cika su. San Martin da kansa ya shaida a wasiƙunsa cewa babu sojan ƙasa da ya fi su a rundunar. Da yawansu ba su ƙara ganin gida ba.

Gwamnan Sifaniya a Chile a lokacin shi ne Casimiro Marco del Pont, kuma yana da soja fiye da San Martin. Sai San Martin ya yi masa wayo. Ya kira taro da shugabannin ƙabilar Pehuenche, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a kudancin duwatsun, ya nemi izinin wucewa ta ƙasarsu, alhali ya san maganar za ta kai kunnen gwamna. Ya kuma riƙa sakin wasiƙun ƙarya suna faɗawa hannun abokan gaba. Marco del Pont ya rasa ta inda za a ɓullo masa, ya warwatsa sojansa a kan iyaka mai tsawon ɗaruruwan mil.

Cikin Janairu 1817 runduna ta tashi, mutum wajen 5,000, da alfadarai fiye da 9,000, da dawaki 1,600. An kasa ta ta hanyoyi shida, manyan biyu su ne Los Patos da Uspallata. Sun hau tsaunukan da tsayinsu ya wuce ƙafa 12,000, inda iska take ƙaranci har numfashi ya gagara, sanyin dare kuwa yana kashe mutum. Guzurinsu busasshen nama ne da aka daka da barkono, a dama shi da garin masara da ruwan zafi, ga albasa da tafarnuwa don maganin jirin tsauni. San Martin yana fama da gyambon ciki, har a wasu wurare sai ɗaukarsa aka yi. Bayan kamar mako uku suka sauko Chile. Fiye da rabin alfadaran sun mutu a hanya, dawakin da suka kai kuwa ba su fi kashi ɗaya cikin uku ba.

Ran 12 ga Fabrairu 1817 aka gwabza a Chacabuco, sojan Sarki suka watse. Bayan kwana biyu San Martin ya shiga Santiago, babban birnin Chile, aka kuma kama Marco del Pont yana gudu. Manyan gari suka taru suka miƙa wa San Martin mulkin ƙasar. Ya ƙi karɓa, ya ce a ba O'Higgins, ɗan ƙasa. Suka ba shi kyautar peso 10,000, ya mayar a kafa ɗakin karatu da su.

Wakilin Sarki na Lima, Joaquin de la Pezuela, bai haƙura ba. Ya aiko da sabuwar runduna a ƙarƙashin surukinsa Mariano Osorio, ta yi wa San Martin dirar dare a Cancha Rayada cikin Maris 1818, ta tarwatsa shi. Cikin kwana 17 ya sake tattara mutanensa, ran 5 ga Afrilu ya karya Osorio a Maipu. Masu tarihi sun ruwaito cewa an kama jakar wasiƙun Osorio, a ciki har da takardun wasu manyan Santiago da suka yi masa mubaya'a a ɓoye sa'ad da suka zaci an gama da San Martin. Ya karanta su shi kaɗai, ya cinna musu wuta, bai tona asirin kowa ba.

Lima

Kafin ya kai ga Peru sai gida ta rikice. A 1819 gwamnatin Buenos Aires ta umarce shi ya komo da runduna ya yaƙi shugabannin lardunan da suka yi mata tawaye. Ya ƙi, domin ya ɗauki alkawari ba zai zare takobi a kan 'yan ƙasarsu ba. Gwamnatin ta faɗi a 1820, wasu mutanen birnin kuwa ba su yafe masa wannan ba.

Ran 20 ga Agusta 1820 ya tashi daga tashar Valparaiso da soja wajen 4,500, a cikin jiragen da wani Baturen Birtaniya, Lord Cochrane, yake jagoranta. Sojan Sarki a Peru sun ninka nasa sau huɗu ko fiye. Saboda haka bai yi garajen auka wa Lima ba. Ya tsare teku, ya aika da 'yan runduna cikin ƙasa suna ta da jama'a, ya zauna yana jira. Dabarar ta ci. Bataliya guda ta sojan Sarki ta sauya sheƙa ta koma wajensa. Cikin Janairu 1821 hafsoshin Sifaniya suka yi wa Pezuela juyin mulki, suka naɗa Janar Jose de la Serna. Da yunwa da cuta suka matsa, La Serna ya fice daga Lima cikin Yuli ya hau duwatsu. San Martin ya shiga birnin ba tare da yaƙi ba, ran 28 ga Yuli 1821 ya yi shelar 'yancin Peru a babban dandali.

A nan ne kaɗai ya karɓi mulkin ƙasa, da laƙabin Mai Kare Peru. Cikin wata guda ya soke harajin da ake ɗora wa 'yan asalin ƙasa, ya hana aikin tilas da ake sa su a ma'adinai da gonaki, ya kafa ɗakin karatu na ƙasa, ya kuma yi doka cewa duk ɗan baiwar da aka haifa daga ranar 'yanci ɗa ne. Bai 'yanta waɗanda suke cikin bauta a lokacin ba, sai a 1854 aka soke bauta ɗungum a Peru.

Amma mulki bai yi masa daɗi ba. A ganinsa ƙasashen nan ba su isa jamhuriya ba tukuna, in ba a sami sarki mai bin tsarin mulki ba za su faɗa yaƙin basasa. Har ya aika da wakilai Turai neman ɗan sarautar da zai hau gadon Peru. Wannan ya sa aka fara raɗe-raɗin shi ne yake son sarautar. Ministansa Bernardo Monteagudo ya tsananta wa Turawan Sifaniya mazauna Lima, ya ƙwace dukiyarsu ya kore su, jama'a suka tsane shi. Cochrane ya yi faɗa da San Martin a kan albashin ma'aikatan jirgi, ya kwashe kuɗin gwamnati ya biya su, ya tafi da jiragen. La Serna kuwa yana nan a kan duwatsu da rundunarsa, San Martin ba shi da ƙarfin da zai gama da shi.

Ganawar Guayaquil

Mutum ɗaya ne yake da sojan da za su iya ƙarasa aikin, shi ne Bolivar, wanda ya riga ya 'yanta Venezuela da Kolombiya da Kito. Suka sadu a garin Guayaquil ran 26 da 27 ga Yuli 1822, suka kulle ƙofa su biyu, babu magatakarda, babu shaida. Bayan shekara 26, a wata wasiƙa da San Martin ya rubuta wa Shugaban Peru Ramon Castilla, ya bayyana cewa ya yi tayin ya yi aiki a ƙarƙashin Bolivar da duk sojansa, Bolivar bai karɓa ba, shi kuwa ya fahimci cewa zamansa a Peru ne kaɗai yake hana Bolivar shigowa da rundunarsa. Hausawa sun ce zakara biyu ba sa cara a akurki ɗaya. Da San Martin ya tsaya ja-in-ja, da rundunonin 'yanci biyu sun juya wa juna bindiga, La Serna yana kallo.

Ya koma Lima ya tarar an kori Monteagudo a bayansa. Ran 20 ga Satumba 1822 ya buɗe majalisar dokoki ta farko ta Peru, ya cire ɗamarar mulki ya ajiye a gabanta. A takardar bankwanarsa ya yi gargaɗi cewa zaman sojan da ya ci nasara a cikin sabuwar ƙasa abin tsoro ne gare ta, kome kyan niyyarsa. A daren nan ya hau doki zuwa tashar Ancon, ya shiga jirgi. Wata 13 da 'yan kwanaki ke nan ya yi yana mulki, shekarunsa kuwa 44.

Bolivar ya shigo Peru a 1823. Ran 9 ga Disamba 1824 mataimakinsa Janar Sucre ya karya sojan Sarki a Ayacucho, aka kama La Serna da rauni a jikinsa. Daga nan mulkin Wakilan Sarki ya ƙare a Amurka ta Kudu. A cikin waɗanda suka yi wannan yaƙi har da ragowar mahayan da San Martin ya hora tun 1812.

Zaman Baƙunci

San Martin ya koma gonarsa a Mendoza, amma gwamnatin Buenos Aires ta sa masa 'yan leƙen asiri, tana buɗe wasiƙunsa. Matarsa tana kwance da tarin fuka a birnin, abokai suka gargaɗe shi za a kama shi a hanya. Ta rasu cikin Agusta 1823, tana da shekara 25, bai gan ta ba. Cikin Fabrairu 1824 ya ɗauki 'yarsa tilo, Mercedes, mai shekara bakwai, suka tafi Turai. Faransa ta hana shi shiga, ya wuce Ingila, daga nan ya zauna a Brussels cikin ƙaramin hali, gama kuɗin fanshon da aka yi masa alkawari ba ya zuwa a kan kari.

A farkon 1829 ya gwada komawa gida. Da jirgi ya iso Buenos Aires sai ya tarar wani tsohon hafsansa, Juan Lavalle, ya hamɓarar da gwamna Manuel Dorrego ya sa an harbe shi, ƙasa ta kama da wuta. San Martin ya ƙi sauka daga jirgin, ya juya zuwa Montevideo. Lavalle ya aiko masa da manzanni yana roƙonsa ya zo ya karɓi mulki. Ya ƙi, domin ya san duk wanda ya hau a wannan hali sai ya zubar da jinin ɓangare ɗaya kafin ya zauna. Ya koma Turai, bai ƙara taka Amurka ba.

Ya zauna kusa da birnin Paris, inda wani tsohon abokinsa na soja, Alejandro Aguado, wanda ya zama attajirin banki, ya tallafe shi. Yana noman furanni, yana gyaran bindigoginsa, yana wasa da jikokinsa mata biyu. Da tarzomar 1848 ta tashi a Paris ya ƙaura zuwa Boulogne, a bakin teku. Yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa ce take karanta masa jarida. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1850, yana da shekara 72. A cikin wasiyyarsa ya hana a yi masa jana'izar alfarma, ya roƙi dai a kai zuciyarsa Buenos Aires. Sai a 1880, bayan shekara 30, aka ɗauko gawarsa aka binne a babbar majami'ar birnin.

Masu tarihi ba su daina gardama a kan saukarsa ba. Wasu suna cewa ya bar Peru cikin rikici tun aiki bai ƙare ba, wasu kuwa suna cewa saukar ce ta sa aikin ya ƙare. Amma in aka dubi ƙarshen abokan tafiyarsa, za a ga irin ramin da ya tsallake. An tilasta wa O'Higgins sauka a 1823, ya mutu yana gudun hijira a Peru. An soke Monteagudo da wuƙa a titin Lima a 1825. An yi wa Sucre kwanton ɓauna aka harbe shi a 1830. Bolivar kansa ya mutu a ƙarshen wannan shekara, babbar ƙasar da ya haɗa tana wargajewa a kan idonsa. San Martin ya mutu baƙo a ƙasar wasu, amma babu jinin ɗan ƙasarsu ko ɗaya da ya zubar don ya riƙe kujera. A Ajantina ana kiransa Uban Ƙasa, ana hutu kowace shekara don tunawa da ranar rasuwarsa, a Chile da Peru kuma da wuya a sami babban gari da babu titi ko dandali mai sunansa.